Rinin Ya Kama

Da hannu ɗaya Qiaozhi ta rine wa mijinta gashi, don na hagun ya mutu tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye. Kuang Youtian ya durƙusa a bakin gado ya miƙa mata kai, ita kuma tana tsoma tsohon buroshin haƙori a murfin kwalba tana bin furfurar layi-layi. Har girarsa ba ta ƙyale ba. Da ta gama ta ƙare masa kallo, ta ce yanzu kam 'yan matan birni sai sun waiga. Ya ce su waiga su ga me, haƙoran da babu? Suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don dukansu sun san ƙwayoyin maganinta sun kusa ganin gindin gwangwani.

Shekarunsa sittin da bakwai, ga shi a birni ba a son lebura da ya haura sittin, wai inshora ba ta ɗaukarsa. Abin haushi, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuwa ci-rani yana ɗora musu benaye, yau shi ake tsoron ya faɗi a hannu. Ɗan abin da ake ba tsohon ƙauye duk wata kuwa da ƙyar yake kai gishiri da man girki. Ɗansu yana can kudu yana fama da nasa gidan. Don haka ana gama yankan alkama Youtian ya bar Qiaozhi a hannun matar maƙwabci, ya ɗaure bargonsa, ya hau mota.

A ƙarƙashin gadar sama, inda masu neman aiki ke tsayuwa da sassafe, wani ɗan kwangila mai suna Qiu ya leƙo daga mota ya tambaye shi shekaru. Ya ce hamsin da bakwai. Qiu ya dubi kan nan baƙi wuluk, ya dubi wuyan da ya yamutse, bai nemi katin shaida ba. Shi ma ai da ido a fuskarsa, amma yana son mai arha. Aikin shimfiɗa tubalin daɓe ne a wani lambun shaƙatawa, kuma zai kai har kaka. Youtian ya ji kamar an sauke masa buhu daga kai.

Sai da motar Qiu ta tsaya ya gane inda aka kawo shi. Lambun yana bayan unguwar ƙaninsa ne, Youliang.

Lokacin da ubansu zai bar masana'anta, an ba shi damar ya sa ɗa ɗaya a gurbinsa. Uwarsu ta ce Youtian ƙaƙƙarfa ne, gona ba za ta gagare shi ba, a tura ƙaramin mai yawan tari. Shi ke nan. Ƙarfinsa ya ja masa zaman ƙauye, tarin Youliang ya kai shi birni, ya ba shi gida a bene da fansho da katin asibiti. Youtian bai taɓa riƙe shi a zuciya ba, amma kunya ta hana shi gaya masa ya shigo gari. Kullum sai ya danna hular kwano har gira, ya juya wa hanya baya.

Ya yi makonni a haka, yana tura baro, yana cin busasshen burodi da ɗanyar tafarnuwa. Gwiwoyinsa na ihu, shi yana fito don kada a gane. Har ya aika wa Qiaozhi magani sau ɗaya.

Ranar da abin zai faru, wani jami'in kamfani mai farar hula ya zo duba aiki, Qiu na biye da shi yana ta washe baki. Daidai nan tsofaffin unguwa suka taso daga motsa jikinsu na safe. A cikinsu akwai wani mai kumatu, riƙe da kejin tsuntsu, kansa fari fat an taje shi tsaf. Ya tsaya cak.

"Yaya? Yaya, kai ne?"

Youtian ya sunkuyar da kai. Da a ce ya yi shiru na ɗan lokaci, da wataƙila an ɗauka kama ce. Amma tun Youliang yana rarrafe yake kiransa haka, bai taɓa kama sunansa ba, shi kuma bai taɓa ƙin amsawa ba. Bakin ya riga shi.

"Na'am."

Youliang ya ajiye kejin ya kamo hannunsa yana murna, yana faɗan don me zai shigo gari bai neme shi ba. Ya juya ga mai farar hula da alfahari.

"Yayana ne, ciki ɗaya. Shekara huɗu ya ba ni. Ni ɗin nan da na yi ritaya tun shekara uku, ko rabin ƙarfinsa ba ni da shi."

Mai farar hula ya dubi farin kan, ya dubi baƙin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Qiu kawai ba ya son ya sake ganin dattijon nan a wurin. Qiu ya karɓi hular kwanon da kansa, yana ƙunƙuni cewa shi ma an ja masa.

Sai a sannan Youliang ya gane ɓarnar da ya yi. Fuskarsa ta yi ja, ya bi jami'in yana rantsuwa wasa yake, ba wanda ya saurare shi. Ya dawo ya matsa sai sun je gida an dafa taliya, ya ce akwai rigunan sanyi da ba ya sawa, akwai shayi mai kyau. Da gaske yake, zuciyarsa ɗaya, shi ya sa abin ya fi ciwo.

"Amma Yaya, tsakani da gaskiya, a shekarunka me kake nema cikin rana? Ka zauna ka huta mana."

Youtian ya daɗe yana kallon tsuntsun, da ɗan kofin ruwansa na tangaran da abincinsa da aka tankaɗe. Ya nemi fushi a ransa ya rasa, gajiya kawai ya samu. Ya ce to, zai huta.

Ya ƙara kwanaki a ƙarƙashin gada, amma labari ya riga ya zaga, har masu mota na tsokanarsa da yayan mai furfura. Da guzuri ya ƙare ya koma gida.

Qiaozhi ta ga bargon a kafaɗarsa tun kaka ba ta zo ba, ba ta tambayi komai ba. Ta sa ya sunkuyo, ta shafa kansa da hannun mai rai, tana neman inda ta yi kuskure. Hawaye ya cika mata ido.

"Laifina ne. Da hannu ɗaya na yi, bai kama ba ko?"

"Ya kama," in ji shi. "Rinin ya kama sarai."

Ya ɗauko gwangwanin maganinta ya girgiza, babu abin da ya yi ƙara a ciki.