Lilon Auta

Hannun Mai Igiya ya shige cikin tsagar har gwiwar hannu, bai taɓo ƙarshenta ba. Yana rataye ne a jikin wani tsohon mangwaro, daidai inda kututturen ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya nufi titi, ɗayan kuma, wanda ya fi nauyi, ya miƙe a kan rufin ɗakin baya. Da ya zaro hannun, sai ga shi baƙi ƙirin da ruɓaɓɓen itace.

"Yaya?" in ji Dogo daga ƙasa, abokin aikinsa da ke riƙe masa igiya shekara da shekaru. "Ka samo zinariyar, ko sai mun dawo gobe?"

"Ja bakinka ka riƙe igiya."

Aikinsu ke nan, bin gidajen bayan gari suna rage rassa da sare abin da ya mutu kafin damina ta kankama. Mutanen unguwannin nan kuwa ba sa tunawa da bishiya sai sun ga hadari ya haɗo. Ranar nan kowa zai kira ka, kuma kowa nasa ne na gaggawa.

Iska ta ɗan taso. Sai ya ji abin a gefen kunnensa: ƙiii, shiru, ƙiii. A hankali yake tafiya ya dawo, kamar ana lilo. Ya san ko mene ne sarai, ɓangarorin tsagar ne ke gogar juna, amma duk da haka sai da ya waiga. Can gaba a kan wani reshe na gefe ya hango guntuwar sarƙa mai tsatsa tana leƙowa daga cikin ɓawo. Itacen ya haɗiye sauran.

Da ya sauko, mata biyu na jiransa a baranda. 'Yar gidan, wadda ta kira shi, tana tsaye cikin fararen kayan asibiti tana duba agogo. Mahaifiyarta na zaune a kujerar roba, hannuwa a cinya.

"Tsagar ta yi nisa," ya ce. "Iska mai ƙarfi ɗaya ta ishe ta. Wa ke kwana a ɗakin can?"

"Ni," in ji tsohuwar.

"Ka ji ko, Malam?" in ji 'yar. "Na yi magana har na gaji, ta ƙi komawa ɗakin gaba. A sare kawai kowa ya huta."

"Ina raye ba mai sare ta."

'Yar ta ja shi gefe ta rage murya. Tana da ƙane, Auta, wanda babansu ya ɗaura wa lilo a reshen nan mai sarƙa. Zazzaɓi ya ɗauke shi tun bai gama firamare ba. Baban ya kwance lilon, sarƙar ce ta gagare shi, ya bar ta. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya ji komai, sai bayan rasuwar baban bishiyar ta fara wannan kuka.

"Ba hauka nake ba, ɗana," tsohuwar ta faɗa daga kujerarta, ashe tana jin su. "Na san wanda ya tafi ya tafi. Amma in iska ta taso na ji shi a can sama, sai in samu barci."

Mai Igiya ya ji maganar da kunnensa, ya ma gyaɗa kai don ladabi. Sai dai hankalinsa ya riga ya koma kan tsagar, yana auna kaurin rassa da ido. Shi mutum ne da ya tsani sare bishiya mai rai, kuma ya ga hanya.

"Mama, ba sai an sare ba. Zan rage mata nauyi, in huda rassan biyu, in zura dogon ƙarfe in ɗaure da noti, in ƙara wayar ƙarfe daga sama. Za ta tsaya daram."

"Ba za ta faɗo mata ba?" in ji 'yar.

"In Allah ya yarda."

Tsohuwar ta dube shi da kyau a karon farko. "Allah ya yi maka albarka," ta ce.

Suka shiga aiki rana na dukan ƙeya. Injin zarto ya yi ta kuka, rassan da ke kan rufi suna sauka a igiya ɗaya bayan ɗaya, Dogo na karɓa yana mitar cewa bayansa ba na haya ba ne. Reshen sarƙar kam Mai Igiya ya kewaye shi, ko ganye bai taɓa ba. Ya huda, ya zura ƙarfen, ya kama sufana ya fara ɗaurewa. Duk juyi ɗaya sai kukan ya gajarce. Ƙiii ya koma ƙi, ya koma wani ɗan nishi, daga nan ya ɗauke. Ya kara kunne a jikin ɓawo ya jira iska, bai ji komai ba. A sana'arsu shiru shi ne shaidar aiki ya yi kyau, don haka ya sauko yana murmushi.

'Yar ta yi godiya ta wuce asibiti da sauri. La'asar na yi gabas ta yi baƙi, iska ta fara kwasar ledoji a titi, maƙwabta na rige-rigen kwashe shanya. Suna loda guntayen itace a mota sai tsohuwar ta fito ta tsaya a gindin mangwaron, ta karkata kai gefe guda. Ganye na ta shuu, rassa na rangaji. Ta daɗe a haka.

"Ɗana," ta kira shi. "Me ka yi masa?"

"Na ɗaure tsagar, Mama. Da ma ita ce ke..." Ya ajiye itacen da ya ɗauko. Sai yanzu abin da ta faɗa a baranda ya iso shi, ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Zai dawo?"

"A'a, Mama. In ya dawo, to aikina ya lalace."

Ta kalli sufanar da ke rataye a ƙugunsa. "To ka sassauta kaɗan mana. Ɗan kaɗan. Ba wanda zai sani."

Juyi biyu kawai abin yake buƙata, ya sani. Ya ɗaga kai ya kalli babban reshen, ya kalli kwanon ɗakinta a ƙarƙashinsa, ya kalli hadarin. Bai taɓa jin tausayin mutum irin na wannan lokaci ba.

"Ba zan iya ba, Mama. Ki yafe mini."

Ta mayar da idonta kan bishiyar. Shi ne ya kasa tsayawa haka. Ya je mota ya ɗauko sarƙar da suke jan gungume da ita, ya sake ɗaura ɗamararsa ta hawa bishiya.

"Ruwa na zuwa fa," in ji Dogo. Amma ya kama igiyar.

Mai Igiya ya hau, iska na wujijjiga shi, ya maƙala sarƙar a jikin tsohuwar guntuwar nan mai tsatsa, ya bar ta tana reto. Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ta fara ƙara, ƙaras, ƙaras, ƙarfe a kan ƙarfe.

Tsohuwar ta rufe ido ta saurara har yayyafi ya fara sauka a kafaɗunta.

"Ba shi ba ne," ta ce a hankali. "Ka gaji, ɗana. Je ka gida kada ruwa ya dake ka."

Ta ɗauki kujerarta da kanta ta shige, ta ja ƙofa.

A cikin mota Mai Igiya ya zauna da makulli a hannu, gilashi a sauke, ruwa na jiƙa masa hannun riga. Dogo, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya dube shi ya ce, "Me muke jira?"

"Yi shiru tukuna," in ji Mai Igiya. Ya ƙara karkata kai wajen bishiyar.