Tsautsayi Ba Ya Kiran Waya

Saura ƙiris Auta ta yi shiru kamar yadda ta saba. Ita ke jinyar yayanta tun da mota ta kwashe shi a kan babur ɗin kamfanin kai saƙo, ƙafa ta karye.

Da hantsi manajansu ya zo dubiya da ledar lemo. "Akwai wata mai bincike da ke yawo, tana tambayar abin da ke kayar da ku. Ka ce tsautsayi ne. Babur ɗinka na nan yana jiranka." Bai ƙarasa ba, amma kowa ya ji sauran.

Da la'asar matar ta iso, ta ajiye rikoda a gefen katifa. Dogo, abokin aikin Yaya, na zaune yana shanye lemon majinyaci.

"Me ya jawo hatsarin?"

"Tsautsayi ne, Malama," in ji Yaya, idonsa a sama.

"Ba ya wuce ranarsa," in ji Dogo.

Matar ta yi murmushin gajiya. "Kowa haka yake ce mini. Tsautsayin nan ya fi ku aiki."

Auta na bakin ƙofa da kofin ruwa. Maganar ta kuɓuce mata.

"Tsautsayi ba ya kiran waya."

"Ke! Wa ya kasa da ke?" Yaya ya daka mata tsawa.

"Waya ce, Anti. Suna tsakiyar titi take ƙara. In bai taɓa ta da wuri ba, a ba wani saƙon, shi a rage masa maki. Hannu ɗaya a babur, ido ɗaya a waya. Ko loma ce a bakinsa, tana ƙara zai zabura."

Dogo ya ajiye ɓawon lemo. "Ikon Allah! Ashe bakin nan na aiki."

"Kin raba ni da aikina, sai ki huta," in ji Yaya.

"Aiki a samu wani, Yaya. Ƙafa fa, a wace kasuwa ake sayar da ita?"

Matar ta dube ta. "In goge abin da kika faɗa?"

Auta ta ajiye kofin. "Bar shi."

Yaya ya juya fuska bango.

Washegari da safe ta zaro wayar mai fasasshen gilashi daga ƙarƙashin matashinsa. Idonsa biyu.

"Cajar na kan taga," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

Ta haɗa da ita, ta nufi rumfar masu babur, inda matar ta ce za a same ta.