Sai Yaya Ya Amince

Biron ya jiƙe da gumi a hannun Husaina. Takardar tana kan cinyarta, wurin sa hannu a ƙasa babu komai, ita kuwa numfashi take jawowa da ƙyar, alhali tun safe ba ta sauka daga gadon asibitin ba.

Wata bakwai ke nan da ta haifi Hafsat, tun daga nan zuciyarta ta kumbura. Ƙafafu suka yi suntum, kwanciya ta gagara sai a jingine. Likita ya ce ɓangarorin zuciyar biyu sun daina bugawa tare, kamar mata biyu a turmi ɗaya da lugude ya ruɗe musu. Ƙwayoyi sun yi iya yinsu. Abin da ya rage wata 'yar na'ura ce da bai fi akwatin ashana ba, a sa ta ƙarƙashin fatar ƙirji, siraran wayoyinta su shiga zuciyar su riƙa ba ta lokaci. Baƙin likitoci ne suka zo da guda uku kyauta, yau Laraba za su yi aikin ƙarshe, da yamma su tashi. Sunan Husaina ne na uku.

"Ƙarfe sha biyu za a rufe," in ji Sista Saratu, mai jinyar ɗakin. "Ina maigidan naki?"

"Yana waje, yana waya da yayansa."

Ta taga Husaina tana hango mijin nata, Mu'azu, tsaye jikin adaidaitarsa, ya rusuna kamar Yaya Garba yana gabansa, ba can ƙauye ba. Shekara tara yana tuƙi a Kano, amma ko ragon suna bai taɓa saya ba sai Yaya ya ce to.

Ya shigo idonsa jajur.

"Baban Hafsat, me ya ce?"

"Ya ce a dakata. Wai ba a tsaga ƙirjin mutum a cusa masa batir dangi ba su zauna ba. Zai zo Juma'a da su Kawu."

"Juma'a?" Sista Saratu ta dafe ƙirji. "Malam, mutanen nan yau za su hau jirgi. Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce in da rabo za su dawo."

Sista ta juyo wajen Husaina, ta rage murya. "Ke baliga ce, da hankalinki. Sa hannunki kaɗai ya isa. Ranar zaɓe wa ya dangwala miki ƙuri'a? Sojoji ma sun koma bariki, ke kina nan kina jiran oda."

Husaina ta so ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya. Tana tsoron ranar da numfashin zai tafi ya ƙi dawowa, Hafsat tana rarrafe tana neman ta. Tana kuma tsoron ta farka daga aiki ta tarar ta zama matar da ta tsallake maganar manya, wadda za a riƙa nunawa da baki a kowane biki. Ta ɗora bakin biron a kan layin, ta ɗago ta dubi mijinta. Da ya gyaɗa kai kawai, da ta rubuta.

Mu'azu yana son ta, wannan babu ja. Shi ya sayar da barcinsa wata bakwai yana tallafe da ita. Amma ya sunkuyar da kai.

"In wani abu ya same ki a ciki, Husaina, me zan ce musu?"

Ta miƙa wa Sista biron. Sha biyu da kwata aka tura wani dattijo ɗan unguwar Darmanawa zuwa ɗakin tiyata a gurbinta, 'ya'yansa mata na biye suna addu'a.

* * *

Daga asibitin a Gyadi-Gyadi zuwa gidansu a Tarauni ba nisa, amma Mu'azu ya yi kusan awa ɗaya, yana kauce wa kowane rami, masu motoci na zaginsa. A ƙofar gida Husaina ta huta sau biyu kafin ta kai ɗaki.

* * *

Ranar Juma'a bayan masallaci Yaya Garba ya iso da Kawu Tanko, da buhun gero da kaji biyu na dubiya. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Daga ɗaki, jingine da matasai uku, Husaina tana jin su suna tattauna ƙirjinta. Kawu ya tambaya ko abin yana hana salla, Mu'azu ya ce a'a. Ya tambaya ko yana jan wutar lantarki. Aka kawo fura, aka sha, aka koma kan maganar taki.

Gab da la'asar Yaya Garba ya yi sallama a bakin ƙofarta, fuskarsa cike da fara'ar mutumin da ya zo da alheri.

"Sannu, amaryarmu. To, mun zauna, mun duba, kuma mun amince. Gobe da sassafe ya kai ki a sa miki abin."

Mu'azu yana bayansa, ya juya fuska ga bango. Husaina ta yunƙura za ta durƙusa, ƙafafun suka ƙi. Ta jira numfashi ya taru ya isa kalma uku.

"Na gode, Yaya."