Ranar da Dinatu Ta Bar Nassarawa

A daminar shekarar da aka ba da mulkin kai Shawulu ya rasu. Kuku ne a gidan wani Bature injiniya a unguwar Nassarawa ta Kano, ya fi shekara ashirin yana wannan aiki. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mako ya zagayo an kai shi makabartar Kirista. Ya bar matarsa Dinatu ita kaɗai a ɗakin ma'aikata da ke can ƙarshen gidan, don 'ya'yan da suka haifa ba wanda ya yi rai.

Baturen bai kore ta ba. Amma shi ma yana haɗa kaya zai koma ƙasarsu, kuma wanda zai gaji gidan yana da nasa kukun. Sai wan mijinta ya aiko daga ƙauyensu a ƙasar Zazzau cewa ta koma gida. Ta ce to. Gidan da ake nufi kuwa, rabonta da shi tun tana amarya.

Ranar Juma'a da hantsi wani direba mai suna Tanko ya zo da tsohuwar akori-kura. An kwana ana ruwa. Aka loda gadon ƙarfe da tukwane da akwatin Shawulu, Dinatu ta shiga gaba. Da gangan ta zaɓi wannan lokaci, don ta san maza na shirin masallaci, mata na gindin murhu. Ba ta jin za ta iya tsayawa sallama da kowa.

Hanyar da ke bin bayan gidajen Turawa ba kwalta, jar ƙasa ce. Ba su yi nisa ba tayar baya ta faɗa wani kwari da ruwa ya rufe. Tanko ya taka mai, tayar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana feshin laka, motar na ƙara nutsewa. Ya fita ya duba, ya dawo yana yarfe hannu.

"Uwargida, mun kafe."

Dinatu ta ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinta, har ta ji kunyar kanta. Daɗi ta ji.

Ƙugin injin ne ya fito da Malam Zubairu, maigadin gidan da ke maƙwabtaka da su, dattijo mutumin Ringim. Ya riga ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Ya dubi motar, ya dubi kayan, sannan ya dubi Dinatu.

"Ashe haka za ki tafi, ba ko sallama?"

Ta sunkuyar da kai. Ya tuɓe rigar ya rataye a reshen darbejiya, ya naɗe ƙafar wando, ya leƙa ta kan shinge ya kira masu aikin lambu. Nan da nan wuri ya cika. Wannan ya zo da shebur, wancan da fartanya, kukun gidan likita ya kinkimo tsofaffin buhuna. Wani akawu da ke wucewa a kan keke, wanda ba wanda ya san sunansa, ya jingine keken ya cire takalmi ya shiga cikinsu.

Hajara, matar Malam Zubairu, ta janye Dinatu gefe. Ita ce ta zauna da ita duk kwanakin makoki, ita ce kuma ta riƙe ta a haihuwarta ta ƙarshe, wadda ɗan bai zo da rai ba.

"Yaya Hajara, ki ce musu su bari," in ji Dinatu a hankali. "Za su rasa salla saboda ni. A bar motar ta kwana, ƙasa ta sha iska."

Hajara ta dube ta da kyau.

"Ba sallarsu ce ta dame ki ba. Na sani. Ko ta kwana, Dinatu, gobe ma tafiyar ce. Da ɗakina biyu ne da ba inda za ki."

"Wa zai riƙa duba kabarin maigidana?"

"Malam ya ce zai riƙa aika mai share ciyawa. Ya faɗa tun ranar da aka binne shi."

Suka tsaya suna kallo. An haƙe gaban tayar, an cusa buhuna da duwatsu, an tura, motar ta yunƙura ta koma. Aka sake, ta sake komawa. Tanko ya ce sai an samu katako mai faɗi. Malam Zubairu ya shiga gida. Jim kaɗan sai ga shi ɗauke da ƙyauren ɗakinsa a ka, ya ɓalle shi daga jikin bango. Da kansa ya durƙusa cikin lakar, gemunsa na taɓa ruwa, ya tura ƙyauren ƙarƙashin taya.

Tanko ya leƙo ta taga.

"Uwargida, shigo yanzu. In ta fita ba zan tsaya ba. Gaba ma laka ce, kuma injin nan in ya mutu da zafinsa ba ya tashi."

Dinatu ta juya za ta yi magana, Hajara ta tura ta ciki ta rufe ƙofa. Maza suka sa kafaɗa, suka yi bisimilla. Ƙyauren ya yi ƙara ya tsage, motar ta yi tsalle ta haye.

Ba ta tsaya ba. Dinatu ta zuro kai ta taga. Ta ga mutanen tsaye a tsakiyar hanya, jajawur da laka tun daga ka har ƙafa, wasu na dariya. Akawun ya faɗi a kan gwiwa, ana ɗaga shi. Malam Zubairu ya ɗaga hannu ɗaya. Hajara na biye da motar da ɗan gudu, tana riƙe da zani, bakinta na motsi, amma ƙarar injin ta hana a ji abin da take cewa. Motar ta sha kwana ta hau kwalta.

Sai da suka wuce garin Kura Dinatu ta tuna ba ta ce musu ta gode ba. Ba ta roƙi gafarar kowa ba, kamar yadda masu rabuwa ke yi. Kukan da ba ta yi a bakin kabari ba, a nan ya ƙwace mata. Tanko ya kafa ido a kan titi.

Ba ta sake taka Kano ba. Bayan wasu shekaru wani mai fataucin citta ya yarda zai kai mata saƙon baki wurin Malam Zubairu da Hajara. Ta maimaita masa kalmomin har ya haddace. Da ya dawo ya ce ya sami gidan, amma wani maigadi ne daban. Malam Zubairu ya rasu, Hajara ta koma wajen danginta, ba wanda ya san wane ƙauye.

Dinatu ta yi masa godiya, ta kawo masa ruwa ya sha.