Harafin Kyaftin

Shekara talatin da ɗaya Darlene Wasylyk tana ɗinka sunaye a bayan rigunan Masu Gatari, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin Fort Kellock, amma ba ta taɓa farke ɗinki irin na wannan hunturun ba. Tun da aka ɗauko Garrett Lindqvist daga kudu aka ba shi manaja, rezarta ta fi allurarta aiki. Ɗan wasa zai zo ranar Litinin, ta ɗinka sunansa, kafin bakinta ya saba da sunan an yi musayarsa da wani. Mutum goma sha bakwai ke nan tun watan Oktoba. Shi manajan kullum yana rungume da kwamfuta yana cewa gini yake yi, mutanen gari kuwa rusau kawai suke gani, don wasa arba'in aka buga, tara aka ci.

Ranar Talata da safe tana soya albasa, mijinta Orest yana zaune gaban rediyo da kofinsa, sai mai labaran wasanni ya faɗi abin da ba wanda ya zata. An musanya Emile Desjarlais, kyaftin, da waɗansu samari biyu na Kyarketan Stony Portage.

"Ke tsohuwa, kin ji abin da na ji?" in ji Orest.

"Kunnena ƙalau yake. Kai ne injin katako ya cinye wa naka."

"Emile fa! Shekara goma sha ɗaya! Haƙora huɗu ya bari a kan ƙanƙarar nan. Wallahi manajan nan, da uwarsa 'yar wasan ƙungiyar ce, da tuni ya musanya ta da matashiya."

Darlene ba ta yi dariya ba. Ta sauke kaskon, ta zauna, ranta ya ɓaci ƙwarai. Emile ɗan garin ne, ubansa da Orest tare suka yi aiki a kamfanin katako, kuma ita ta ɗinka masa sunansa na farko yana ɗan shekara ashirin. A cikin bas aka kira Emile a waya aka gaya masa, ko ɗakin sauya kaya ba a bari ya koma ya yi sallama ba.

Abin da ya fi damun ta shi ne harafin. Kowace ƙungiya tana da harafin C a ƙirjin kyaftin ɗinta, amma na Masu Gatari guda ɗaya ne tak tun da aka kafa ƙungiyar. Daga rigar ulu ta farko aka yanko shi, ya koɗe, gefensa ya sha gyara. Kyaftin goma sha biyu sun ɗauke shi, kuma ba a taɓa ɗinka wa sabo ba sai tsohon ya danƙa masa a hannu. Ko wanda ya bar wasa saboda karyewar ƙugu, sai da aka je har gadon asibiti ya miƙa.

Da rana manajan ya sauko ɗakinta da ke ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, riƙe da rigar Emile mai lamba huɗu.

"Madam Wasylyk, a cire sunan nan. Harafin kuma a mayar wa Jarkko Rautio kafin Juma'a. Shi ne sabon kyaftin."

"Rautio da ya zo watan jiya?"

"Shi fa. Alƙalumansa sun fi na kowa."

"Yallaɓai, sunan zan cire, aikina ne. Harafin kuwa ba na ɗinka shi sai Emile ya ba shi da hannunsa. Haka ake yi a nan."

Ya yi ɗan murmushi. "Emile yanzu ɗan Kyarketai ne. Ni nake naɗa kyaftin, ba tela ba."

"Naɗa abinka, wa ya hana ka? Ni dai allurata ba ta shiga."

"Tsumma ne fa, Madam. In buga waya a aiko mini da sabo mai gam, a manna da dutsen guga cikin minti ɗaya. In ba a ga harafin nan a ƙirjin Rautio ranar Juma'a ba, ki kawo katin shigarki ofis, mu gode miki."

Ya fita. Baƙo ko da idonsa makaho ne, amma wannan har da taurin kai ya haɗa. Darlene ta zauna ta farke sunan Emile harafi bayan harafi, sannan ta warware zaren harafin ƙirjin a hankali, ta naɗe shi a hankici ta sa a aljihun kwat ɗinta. Ta daɗe tana kallon keken ɗinkinta. Ɗakin nan ba taga, ga warin zufa da na roba, amma tana son sa, kuma ba ta san abin da za ta yi da ranakunta ba in aka raba ta da shi.

Juma'a ta zo ta wuce. Ba ta ɗinka ba, ba ta kai katin ba.

Gari kuwa ya ɗauki zafi, don ranar Lahadi da ƙarfe biyu Kyarketai ne za su zo, da Emile a cikinsu. A shagon kofi Orest da tsofaffin abokansa suka yanke shawara: da an busa fara wasa, kowa ya tuɓe rigar ƙungiya ya jefa kan ƙanƙara. Babu wulaƙancin da mai goyon baya zai yi wa ƙungiyarsa da ya kai wannan, kuma a Fort Kellock ba a taɓa yi ba.

"Mutum ɗari uku sun yarda," in ji Orest a gida yana fesa alfahari, bakinsa cike da perogi, curin fulawa mai dankali a ciki.

"An bar jaki ana dukan taiki," in ji Darlene. "Rigar me ta yi muku?"

"To me za mu jefa? Manajan? Yana can sama cikin ɗakin gilashi, ko ihunmu ba ya ji."

"Taka rigar ni na ɗinka mata suna, da hannu, ina da cikin 'yarmu Natalka. Ka jefa ta ka ga inda za ka ci abincin dare."

"Ke da aka kora, kina kare musu riga?"

"Ba tasu ba ce, tsoho. Su zuwa suka yi suka same ta."

Ranar Lahadi ta sa kwat ɗinta, ta rataya katin a wuya, ta soka allura da farin zare a kwalarta. Clifford mai gadin ƙofar baya an riga an gaya masa kada ya bar ta ta shiga. Da ya hango ta sai ya tsunduma cikin gyaran igiyar takalminsa, bai ɗago ba sai da ta wuce.

Fili ya cika maƙil. Ƙungiyoyin biyu suna kan ƙanƙara suna ɗumama jiki, kowacce a ɓangarenta. Da Emile ya fito cikin baƙar rigar Kyarketai, mutane suka miƙe suna kiran sunansa. Da Rautio ya fito da sabon harafi mai sheƙi a ƙirji, sai ihu ya juye. "Cire! Cire! Ba naka ba ne!" Saurayin ya sunkuyar da kai yana zagayawa, kunnuwansa sun yi jawur. Darlene ta ji tausayinsa, don ba shi ya kai kansa ba.

Ta bi ta lungu har bencin baƙi, inda ba ta taɓa tsayawa ba, ta buga katangar da tafin hannu. Emile ya juyo, ya taho da gudu ya taka birki a gabanta.

"Anti Darlene! Ke ce a ɓangaren abokan gaba?"

"Kai ne dai. Dubi yadda suka ɗinka maka suna a karkace, ko kunya ba su ji."

Ya yi dariya, giɓinsa a waje, amma idonsa ya cika. Ta warware hankicin. Da ya ga harafin sai dariyar ta ɗauke.

"Ka tafi ba ka sauke kayanka ba," ta ce. "Ga shi. Wanda ka ga dama ka ba wa, ni nawa ɗinki ne."

"Anti, zai kore ki."

"Ya riga ya yi. Yi sauri kafin a busa."

Emile ya cire safar hannunsa ya karɓa. Lokacin ɗumama jiki ba a tsallake jan layin tsakiya, wanda ya tsallaka faɗa yake nema, kuma zai samu. Emile ya je bakin layin ya ɗan tsaya, sannan ya tsallaka. Biyu daga cikin sababbin zuwan Masu Gatari suka yo kansa, tsohon golan ƙungiyar ya daka musu tsawa suka ja baya. Ihun mutane ya mutu, har ana jin ƙarar ƙarfen takalminsa a kan ƙanƙara.

Kowa ya zaci golan zai nufa, ko ɗaya daga cikin tsofaffi ukun da suka rage. Darlene ma haka ta zata. Sai ya wuce su duka ya tsaya gaban Rautio.

"Kai ƙane," ya ce, "na ga wasanka da Portage, ranar da ka tare ƙwallo da fuska. Kana son garin nan?"

"Su ne ba sa so na, Kyaftin."

"Ni ma shekara biyu suna zagina. Haka suke gaisuwa. Cire wannan abin kanti."

Rautio ya sa farce a gefen harafin gam, ya fizge shi, ya fita salin-alin. Emile ya kama hannunsa ya danƙa masa tsohon. Golan ne ya fara buga sandarsa a kan ƙanƙara, sauran suka bi, har da Kyarketai a nasu ɓangaren. Can sama masu riƙe da riguna a hannu suka rasa yadda za su yi tafi, sai suka fara mayar da su jiki.

Darlene ta riga ta zagayo bencin gida. Rautio ya zo ya durƙusa a gabanta don ta kai ƙirjinsa. Ta yanko guntun zare ta tura masa a baki.

"Ciji wannan."

"Na mene ne, Anti?"

"Kakata ta ce in ana ɗinki a jikin mutum bai ciji zare ba, har hankalinsa ake ɗinkewa. Camfi ne. Ciji dai."

Ta janyo rigar daga kan sulken kafaɗarsa ta fara. Sanyi ya sa yatsunta sun ƙage, amma ta bi gefen harafin ɗinki bayan ɗinki, ƙanana, a matse, kowace kusurwa sau biyu. Tana tsakiya wani ma'aikacin ofis ya iso da waya a kunne yana haki.

"Madam Wasylyk, manaja ya ce ki ba da katinki ki bar wurin nan yanzu."

"Gaya masa saura ɗinki shida."

"Ya ce yanzu."

"To zo ka janye ni, ɗan nan, ga jama'a suna kallo."

Bai zo ba. Ta ƙarasa, ta ƙulla, ta yanke zaren da haƙori, ta shafa harafin da tafin hannu. Sannan ta cire katin daga wuyanta ta miƙa masa. Da igiyar ta bar wuyanta sai da ta ji abin har cikin ranta, amma ba ta bari ya gani ba.

Sai a kan matakala ta tuna ba ta da kujera. Duk shekarun nan daga bakin lungu take kallon wasa, a tsaye, da almakashi a aljihu. Orest ne ya ɗago mata hannu daga layi na goma sha huɗu, rigarsa a jikinsa amma bai-bai saboda sauri. Mutanen layin suka matsa, suka matsa, har aka samar mata wuri.

"Kin ɓata mana shiri," in ji shi.

"Juya rigarka, kana ba ni kunya."

Wasan dai bai yi kyau ba, gaskiya ɗaya ce. Samarin da aka tattaro daga gari bakwai ba su san juna ba, wannan ya tura ƙwallo inda wancan ya baro. Kafin ƙarshen zango na biyu Kyarketai suna da huɗu, Masu Gatari ɗaya, kuma Emile ne ya ci ta ukun, bai ɗaga hannu ba. Mutane suka juya wajen ɗakin gilashi suna rera wa manaja waƙar ya tattara ya koma kudu. Darlene ta gano ashe tana da murya, har matar da ke gabanta ta toshe kunne.

Ana cikin haka wani ƙaton ɗan Kyarketai ya bangaje golan gida ya kwantar da shi a cikin raga. Tun Oktoba ake yi musu irin wannan ba mai tankawa. Rautio ya taho daga tsakiyar fili, ya yar da sanda da safar hannu. Ƙaton ya fi shi tsawo da kai guda, ya damƙe shi a ƙirji daidai kan harafin, ya murɗa, ya yi ta jijjiga shi yana ja. Darlene ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Ba naushin take kallo ba, hannun nan take kallo.

Da alƙalai suka raba su, rigar Rautio ta yage daga wuya har kafaɗa, hancinsa yana jini, fili kuwa yana kiran sunansa. Ya juyo zai tafi zaman hukunci a gefen fili. Harafin yana nan daram a ƙirjinsa, ko kusurwa ɗaya ba ta ɗaga ba.

Darlene ta kama hannun wani baƙo da ke gefenta, mutumin da ba ta taɓa gani ba, sanye da hular Kyarketai, ta girgiza shi, hawaye yana zubo mata.

"Malam, ka ga wancan?" ta ce. "Ni na ɗinka."