Kejin da Ba Shi da Ƙofa

Igiyar janareta ce ta tsinke, kifin uwar yarana ya lalace. Abin da ya faru ke nan, duk wanda ya ba ka labarin da ya wuce haka ƙari ya yi.

Ni mai walda ne, tun ina saurayi da ƙarfe nake ci. Ita kuma uwar yara kifin ƙanƙara take sayarwa, tana da ƙatuwar firiza a ɗakin bakin ƙofa, mata na zuwa suna saye. Da aka yi sanarwar za a ɗauke wuta na 'yan kwanaki saboda gyaran babban layi, kowa ya san ruwa ma zai bi bayanta, tunda injin da ke turo mana shi da wutar yake aiki.

Ita dai ta yi nata shirin, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta wanke durori ta cika, ta cika jarkoki da bokitai da tukwane, har bahon wankan jikanmu bai tsira ba. In ka shigo tsakar gida sai ka yi tafiyar kurciya kada ka yi ɓari. Ta yi cajin fitilu, ta ɗura ruwa a robobi ta jera a firiza su daskare. Nufinta ta sayar da ɗan kifin da ya rage, kada ta ƙaro sai wuta ta dawo.

A nan na sa baki. Na ce mata wannan lissafin masu tsoro ne. Duk masu kifin unguwar nan firizarsu za ta mutu, ke kaɗai za ki rage da inji, yanzu ne lokacin cika ta har baki. Na sa ta kwashe robobin ƙanƙarar nan don katan-katan na sabon kifi su samu wuri.

"Malam, in injin ya ƙi tashi fa?"

"Injin da na yi wa ɗaki da hannuna?"

Ɗakin da nake nufi keji ne. Kwanakin baya an sace janaretan maƙwabcinmu tela, aka bar masa kwaɗo a yanke a ƙasa. Ni kuwa na gyara ƙofofin da aka fasa ba adadi, na san ɓarawo ta wuri biyu yake shiga, ko kwaɗo ko hinjin da ke riƙe da ƙofa. To in babu ƙofa gaba ɗaya, ta ina zai fara? Na samo rodi mai kaurin babban yatsa, na kafa a siminti, na zagaye injin na liƙe ko'ina da walda. Na bar kafa a sama ta mazurarin zuba mai, na bar wata a gefe daidai hannu, ta jan igiya da kunnawa.

Yayan uwar yara, tsohon direba ne, ya zo ya zagaya kejin yana leƙe kamar mai neman allura. Ya tambaye ni ina ƙofar, na ce ƙofa ta ɓarawo ce. Ya ce to ranar da injin zai bukaci likita fa? Na ce masa lafiyar injin ta fi tasa. Ya yi dariya ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Da farko abin ya tafi yadda na faɗa. Wuta ta tafi, famfo ya yi tari ya bushe, injinmu na ta ruri. Mata har layi suke yi. Ni kuma na fito da benci bakin ƙofa ina amsa gaisuwa, wanda ya tambaya in kai shi ya ga keji.

Ran nan da safe na zuba mai, na zura hannu na finciko igiya, sai ga ta a hannuna gaba ɗaya, har na kusa zama cikin bokiti. Na ce wa uwar yara ƙaramin abu ne, ta rufe firiza kada ta riƙa buɗewa. Na aika aka kira bakanike.

Bakaniken nan siriri ne, bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ya durƙusa ya leƙa, ya tashi ya zagaya, sannan ya nemi kan duro ya zauna yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce aikin kansa ba komai ba ne, 'yan notina zai kwance ya cire murfin gefe ya naɗa sabuwar igiya. Sifana ta shiga, notina suka kwance, murfin ya matso kaɗan ya daki rodi ya tsaya. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya goge fatar yatsunsa, murfi ya ce yana nan.

"Oga, wannan ai ba keji ka yi masa ba, kabari ne. Saura addu'a."

Na ce ya rage surutu, rodi ne, ni na sa shi, ni zan cire shi. Na ɗauko injin yankan ƙarfe daga shago, na jawo waya, sai da na kai hannu jikin bango na tuna abin da ya tara mu, babu wuta. Bakanike ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na je wurin tela na aro ɗan sabon injinsa. Muka haɗa, injin yanka ya juya sau ɗaya, na tela ya yi atishawa ya mutu. Muka gwada shi da firiza, ita ma ta fi ƙarfinsa. Tela ya rungumi abinsa ya fita ko sallama babu. Masu manyan injina kuwa kowa da nasa nauyin, wanda na tambaya sai ya fara ba ni labarin tsadar mai.

Na ce to a kawo min wutar gas, yanzu in narkar da rodin. Uwar yara ta zo ta tsaya tsakanina da kejin, ta nuna min tankin da na cika da fetur da hannuna.

"Kifi ya ruɓe na ji, amma ba za ka ƙona min gida da jikoki a ciki ba."

Sai zarto. Wanda bai taɓa yanka rodi mai kauri da zarton hannu a tsugune ba, a lungu, rana na dukan ƙeyarsa, kada ya ce ya san wahala. Kuma aikina ne, ban yi algus ba, kowace mahaɗa na cika ta da walda. Zarto ya karye na sa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Yayanta ya zo da mota ya kwashi kifin da firjin gidansa zai ɗauka, tunda shi wutar hasken rana yake amfani da ita. Sannu kawai ya yi min, amma irin sannun nan mai tsawo.

Sai washegari na buɗe gefen da murfi zai fita. Bakanike ya cire, ya duba, ya ce ba igiya kaɗai ba ce, ƙarfen da ke mayar da ita ciki ma ya karye, sai an nemo. Mai sayar da kayan ya rufe shago saboda rashin wuta. Kafin a samo shi a gida, a samo kayan, a ɗaura, ruwa ja ya fara bin ƙasan firiza yana fitowa ta bakin ƙofa. Ƙudajen unguwa suka riga kowa jin labari.

Injin ya tashi kuwa, ja ɗaya. Ya yi ta ruri yana sanyaya abin da ko kyanwa ta shinshina ta wuce. Ruwan da aka tara na sha da girki, rabinsa a wankin firiza da ɗaki ya ƙare, na koma ina bin masu kurar ruwa ina roƙon jarka.

Uwar yara ba ta yi faɗa ba, ni da na so ta yi a wuce wurin. Ta wanke firizarta, ta bar murfin a buɗe, duk matar da ta zo saye sai ta ce ta tambayi Malam. Da wuta ta dawo yayanta ya zo muka zauna a zaure. Ya ce shi bai zo tonon magana ba, amma sana'ar ƙanwarsa ba za ta mutu a kan shawarar wani ba, firizar nan yadda aka cika ta haka za a sake cika ta. Na ce igiya ce ta tsinke. Ya ce ya ji, igiya ba ta da abin sayarwa.

Babur ɗina aka sayar. Yanzu a ƙafa nake zuwa shago, in na ɗebo rodi in saɓa a kafaɗa.