Kwat Mai Ruwan Ƙwai na Emil Sedlak

Mu biyar ne a teburin da ke jikin taga, a kulob ɗin 'yan Slovak da ke gangaren kogi. Duk Lahadi in an taso daga coci can muke zuwa. Dukanmu a masana'antar ƙarfe muka yi aiki har aka rufe ta. Ni a bakin tanderu na ƙare ƙuruciyata. Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Sunana Walter Pasko.

Magana ɗaya ake yi a teburin nan: wane ɗan ƙwallo ne, irin ƙwallon da ake jifa ana cafkewa da hannu, ya cancanci shiga Zauren Gwanaye, inda ake karrama fitattun 'yan wasa, wane ne bai cancanta ba. Ba a kawo mana siyasa. Ba a kawo mana ciwon baya.

Muna da doka. Kowa yana da ɗan wasa ɗaya da yake goyo. Ba ka sauke shi, ba ka sauya shi, sai ran da masu zaɓe suka shigar da shi. A can zauren, duk wanda ya shiga kwat mai ruwan zinare ake sa masa. Mu ma muna da namu. Ɗayanmu, Sal Ferrante, ya samo shi a gwanjo. Ruwan ƙwai ne, ba zinare ba, aljihun hagu a yage. Yana rataye a ƙusa bayan kanta. Ran da mutuminka ya shiga, kai za ka sa kwat ɗin. Wanda ya fi kowa zagin mutumin naka, shi zai miƙe tsaye ya yabe shi a gaban jama'a, sannan ya sa maka kwat ɗin da hannunsa. Daga ranar an rufe maganar wannan ɗan wasa. Ba a sake ta da ita.

Sal ya sa kwat ɗin. Sauran biyun ma sun sa. Ni da Emil Sedlak ne kawai ba mu taɓa sa shi ba.

Emil yana goyon Delbert Rusk, mai cafke ƙwallo. Ni ina goyon Hank Zelinko, ɗan layin gaba, cikin ƙartin da suke tare wa mai jifa. Ƙungiya ɗaya suka buga wa, tamu.

"Walter," Emil zai ce, yana juya cokali a kofinsa, "ka taɓa jin wanda ya sayi tikiti don ya je ya kalli mai ƙiba yana ture mai ƙiba?"

"Ka taɓa ganin Rusk ya shiga tsakiyar fili inda ake dukan mutum? Da ya ji takun sawu a bayansa sai ya yi gefen layi kamar akuya ta ga kura."

"Gudu ne aikinsa, tsohon banza."

"Na san gudu ne. Gudun duka."

Sal zai buga tebur yana dariya har giyarsa ta zube. Haka muka yi ta yi, tun gashinmu na baƙi.

Sal ne ya fara tafiya. Sauran biyun suka bi shi, ɗaya ciwon huhu, ɗaya zuciya. Matata Irena ma ta tafi a tsakaninsu. Ɗana yana can yammacin ƙasar, yana bugo waya ran Kirsimeti. Teburin ya rage ni da Emil. Ba mu rage murya ba. Dottie, matar da ke tsare kanta, takan ce mu biyun mun fi mutum goma surutu.

Sai wata Lahadi na ce wa Emil hannun Rusk kamar an shafa masa man shanu. Na gyara zama ina jiran zagi. Ya dube ni ya ce, "Gaskiyarka."

Na zaci shaƙiyanci ne. Na ƙara masa wata. Ya sake cewa, "Gaskiyarka, Walter." Yana ta juya cokali a kofin da ba komai a ciki.

Kafin bazara 'yarsa Carol ta kai shi gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari. An tsince shi a bakin ƙofar masana'anta da kwanon abincinsa, yana jiran a busa usur na shiga aiki. Wurin kuwa ciyawa ta cinye shi tuntuni.

Na ci gaba da zuwa kulob. Ina zama a kujerata, ina fuskantar kujeru huɗu. Matasan da ke shigowa suna da kirki, amma a waya suke duba komai. Ɗaya ya taɓa zama, na ambaci Zelinko, ya ce, "Wa?" Ban sake kula shi ba.

Gidan tsofaffin kuwa ina zuwa jefi-jefi. Ban son wurin. Warin magani da dafaffen kabeji. Emil yana zaune a gaban talabijin, an taje masa kai ta gefen da ba ya so. Duk abin da na ce, gaskiyata.

Cikin Fabrairu, ranar Lahadi, na shiga kulob ina karkaɗe ƙanƙara daga takalmina. Dottie ta ajiye tsumman goge kofi.

"Ka ji labari, Walter?"

"Ban ji ba."

"Masu zaɓe sun waiwayi tsofaffin 'yan wasa. Rusk ya shiga."

Na tsaya da hulata a hannu.

"Zelinko fa?"

Ta girgiza kai. Sannan ta juya ta kalli ƙusar nan. Ni ma na kalla.

"Ba dole ba ne," in ji ta. "Ba wanda ya rage da zai ce ba ka yi ba."

"Ni na rage."

Ta sauko da kwat ɗin, ta kakkaɓe ƙura, ta ninke mini shi a leda. Ta ƙara da ƙunshin pirohi, ƙullun fulawa mai dankali a ciki, irin wanda Emil yake so, da albasa soyayya a kai.

A mota na shirya abin da zan faɗa. Ban iya jawabi ba. Da na binne Irena ma ban ce uffan ba a coci. Amma doka doka ce. Na tsaya a wurin ajiye motoci na gidan tsofaffin ina maimaitawa a bakina, ina jin ɗacinsa.

Nas ɗin da ke kula da Emil, Misis Odom, doguwar mace mai murya, ta tare ni a baranda.

"Mista Pasko, ka ɓace mana. Me ke cikin ledar?"

"Kaya."

"To, kayan nan dai suna ƙamshin albasa. Ban gani ba, ban ji ba. Yau shiru yake, kada ka sa rai."

Ɗakin zaman yana da mutum kamar shida. Wata tsohuwa tana barci baki buɗe. Emil yana gefen taga, bargo a gwiwarsa. Ya rame. Wannan mutum da ya taɓa ɗaga ƙarfen da mutum biyu suka kasa.

Na fito da kwat ɗin na ɗora a kujera. Ban zauna ba. A tsaye ake yi.

"Emil Sedlak," na ce. "Mutuminka ya shiga."

Ya kalle ni da murmushin da yake yi wa kowa.

Na gyara murya. "Delbert Rusk ɗan wasa ne. Yana da gudu. Yana da hannu. Ya cafke ƙwallayen da ba mai cafke su. Ya yi wasa lokacin da ake dukan mutum ba a hura usur. Garin nan ya ji daɗinsa a shekarun da ba abin jin daɗi. Ya cancanta."

Kalmar ƙarshen nan sai da na turo ta da ƙarfi.

Misis Odom ta tafa daga bakin ƙofa. Wani tsoho ya taya ta, bai san dalili ba.

Emil ya ce, "Gaskiyarka." Ya mai da idonsa kan talabijin. Tallar sabulu ake yi.

Rabin rayuwata ina jiran ranar nan da tsoro. Na san yadda za ta kasance: Emil zai miƙe ya buɗe hannuwa, ya ce in maimaita don bai ji da kyau ba, ya sa in gyara masa wuyan kwat ɗin, ya zagaya kulob yana tafiyar agwagwa. Na shirya haɗiye duk wannan. Ban shirya wa wannan ba.

Na ɗauki kwat ɗin. In na sa masa, shi ke nan, an rufe maganar Rusk. Kuma ban da ita ba ni da wata magana da shi. Ba ni da ita da kowa.

Raina ya ɓaci. Na jefar da kwat ɗin a kujera, na zauna, na matso kusa da kunnensa.

"Ƙarya na yi," na ce. "Rusk matsoraci ne. Ka tuna wasan ƙarshe a cikin ƙanƙara? Muna can saman benci, ni da kai, ƙafafunmu sun daskare, muna karɓa-karɓa da kwalba ɗaya. An jefa masa ƙwallo a bakin layin ci, ba kowa a kusa da shi. Ta bugi hannunsa ta faɗi. Kaka mai sanda ma da ta cafke. Shi ya hana garin nan kofi."

Sai na ga yatsunsa sun damƙe bargon.

"A bayansa aka jefa ta," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"A ƙirjinsa."

"A bayansa!" Ya juyo. Idon nan da na sani ya dawo, ƙanƙane, mai faɗa. "Kai, Pasko, kana da ido kuwa? Mai jifa yana faɗuwa ya sake ta. Wa ya sa ya faɗi? Wa ya bar ƙaton nan ya wuce ta gefen hagu kamar an buɗe masa ƙofar coci? Zelinkonka! Buhun dankalinka!"

"Santsi ne ya kwashe shi."

"Santsi! Kowa a filin nan ƙasa ɗaya yake takawa, shi kaɗai santsi ya sani!"

Tsohuwar nan ta farka. Misis Odom ta taho da sauri, na ɗaga mata hannu. Ta tsaya.

"Zelinko ya yi wasa da karyayyen yatsa," na ce.

"Da karyayyen kai ya yi wasa. Ni na ga Rusk ya cafke ƙwallo da hannu ɗaya, mutum biyu suna rataye a wuyansa. Kai kana ina? Kana layin sayen tsiran alade, kamar kullum."

"Kai ka aike ni."

"Da ka ƙi zuwa mana, tsohon banza!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na buɗe ƙunshin Dottie na tura masa. Ya ci uku da hannu, mai yana bin haɓarsa, yana nuna ni da yatsa tsakanin loma da loma. Ya ce ban san ƙwallo ba, ban taɓa sani ba, Irena ma ta fi ni sani. Na ce ya bar matata ta huta. Ya ce ai sai yanzu ta huta.

Can idonsa ya faɗa kan kujera.

"Me kwat ɗinmu yake yi a nan?" Ya dube ni da zargi. "Wa ya shiga?"

Misis Odom tana tsaye a bayansa. Ta buɗe baki za ta yi magana. Na kalle ta. Ta rufe.

"Ba kowa," na ce. "Wanki zan kai shi."

"Ya kamata. Sal ya zuba masa miya." Ya lashe yatsa. "Ka sa su ɗinke aljihun. Bana Rusk zai shiga, za ka gani. Ka fara shirya jawabinka. Kuma da ƙarfi nake so, har na bayan kanta su ji."

"Ba zai shiga ba."

"Zai shiga."

"Ina raye dai ba zai shiga ba."

"To ka mutu mana, wa ya riƙe ka?"

Bai daɗe ba bayan wannan. Muryarsa ta yi ƙasa, idonsa ya koma kan talabijin. Na ce masa zan tafi. Ya yi mini murmushin kowa da kowa.

A baranda Misis Odom ta ce, "Tun da aka kawo shi ban ji ya yi magana haka ba. Amma ai da ka bar shi ya sa rigar. Hakkinsa ne."

"Na sani."

"To?"

"Lahadi zan dawo."

Ban mai da kwat ɗin kulob ba. In Dottie ta gan shi za ta tambaya. Na rataye shi a bayan mota, jikin taga. Ina tuƙi yana lilo a madubi, hannuwansa ba kowa a ciki.

A gida na ɗumama miya, na ci a tsaye. Gidan shiru. Na zauna ina tuno wani wasa da aka yi cikin ruwan sama, da Rusk ya fice gefen layi saura taku kaɗan ya ci. Emil ya tsani a tuna masa wannan. Maganar da zan kai masa ran Lahadi ke nan.